Talatar da Na Ƙi Zuwa Wankin Ƙoda

Wankin ƙoda wahala ce, ba ni da wani sunan da zan ba shi bayan wannan. Wanda bai taɓa kwanciya a gadon nan ba, ya ga jininsa yana fita ta roba, ya shiga inji, ya dawo masa da sanyi, awa huɗu cur, kada ya ce min ya gane. Ni aji huɗu na yi a firamare babana ya cire ni ya kai ni lambu, don haka bayanin likitoci ya fi ƙarfina. Abin da jikina ya ji shi zan faɗa.

Da damina abin ya soma. Ƙafafuna suka kumbura har takalmin roba ya ƙi shiga. Da safe amai, bakina kamar na kwana ina lasar ƙarfe. Dama an daɗe da ce min ina da hawan jini, in sha ƙwaya kwana uku, in ji sauƙi, in watsar. Daga asibitin Kura aka tura ni birni, a can suka ce ƙodar duka biyun sun gaji, ba za su sake tashi ba. Suka fara sa min roba a wuya, daga baya suka yanka hannuna na hagu suka haɗa jijiya. In ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana rawa kamar ƙaramin injin ban ruwa. Suka ce hannun nan ya daina ɗaukar buhu, kar in kwanta a kansa, kar in bari kowa ya matse shi.

Aka ba ni ranaku biyu, Talata da Juma'a. In fito bayan asuba, in hau acaba zuwa bakin titi, in shiga mota zuwa birni. In an gama a cire allurai, in miƙe ƙasa tana juya min. Wani lokaci tsokar ƙafa ta ɗaure tun ina kan gado, in ciji rigata don kar mata su ji kukan ƙato. In na dawo gida ba na iya amsa sannu. Amma gaskiya ɗaya ce, washegari nakan tashi sakayau. Numfashi ya buɗe, abinci ya yi daɗi, in taka har bakin kanal ɗin ban ruwa ban tsaya ba. Laraba da Asabar su ne ranakun da nake mutum. Sauran kwanakin jira kawai nake.

Allurar ba ita ta fi damuna ba. Ruwa ne. Nas ɗin da ke kula da layinmu, yarinya ce sa'ar 'yata ta fari amma bakinta ba sauƙi, ta ɗauko wata 'yar gorar roba ta ajiye min a ciki.

"Baba, ka ga wannan? Ita ce ruwanka daga safe zuwa safe. Koko a ciki, shayi a ciki, fura a ciki. In ka ƙara, sikeli zai faɗa min."

Na ce, "'Yar nan, wannan ai ko alwala ba za ta yi ba."

Ta ce, "To ba alwala na ce ka yi da ita ba."

Ta lissafo abubuwan da zan bari: gishiri, kanwa, ayaba, dabino, tumatir, da wasu da na manta. Da ta zo kan tumatir na yi dariya a raina. Shekara talatin ina noma shi, ni za a gaya wa tumatir? Na yanke wa kaina hukunci cewa miyar 'yan birni take nufi, mai mai da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Wanda ka tsinka da hannunka a jikin uwarsa, da raɓarsa, me zai yi wa mutum?

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tsohon direban tirela, shi ya riga ni da shekara biyu. Shi ya koya min dabarun ƙishirwa. Ka kurkure baki ka tofar, kamar mai azumi yana alwala. Ka tsotsi ƙanƙara 'yar mitsitsiya maimakon ka kurɓa. Ka raba gorar gida huɗu da zare, kar ka wuce zare kafin lokacin salla ya yi. Duk ranar da na hau sikeli ya nuna na yi nauyi, sai ya ɗaga kai ya ce, "Manomi, jiya kanal ka faɗa?" Dabarunsa sun yi min aiki duk tsawon sanyi. Matata ce ta ɗaura zaren, ita ke riƙe gorar, randar ɗakina ma ta fitar da ita tsakar gida.

Da rani ya kama na dasa tumatir a gonata ta bakin ƙaramin kanal. Matata ta ce in bari bana.

"Malam, da wane hannun?"

"Da na dama. Shi ba a yanka shi ba."

"Wa zai ba shi ruwa ranar Talata?"

To nan ne gizon yake saƙa. A layinmu ruwa rabo ne, kowa da ranarsa, kuma tawa Talata ce tun zamanin babana. Ranarka ta zo, ka jera bututun roba da muke ce wa sayfon a kan gaɓar kanal, ka nutsa kowanne, ka toshe bakinsa da tafin hannu, ka fizgo, ruwa ya biyo ya shiga kunya. Sai ka tsaya a kai, wannan ta cika ka matsa gaba. In ranarka ta wuce, sai wani mako.

Laraba ta maƙwabcina ce, wanda gonarsa ke ƙasa da tawa, sai ruwa ya wuce ta gabana yake isa gare shi. Da mun yi musaya, shi ya karɓi Talata ni in karɓi Laraba, da magana ta ƙare. Kowa ya ga haka, har matata da ba ta taɓa taka gonar ba. Sai dai ni da mutumin nan shekara goma sha biyu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a tsaitsaye. Laifin nawa ne, yau zan iya rubuta shi. Nakan bar sayfon ɗina su kai hantsin Laraba suna zuƙa. Wata shekara da ruwa ya yi ƙaranci na jefa buhun ƙasa a cikin kanal daidai ƙarshen gonata, ruwa ya taru a wajena, albasarsa ta bushe. Muka ɗaga wa juna shebur, dattawa suka raba, suka ce in cire buhun. Na cire a gabansu. Bayan mako biyu na mayar da wani, na danna shi cikin laka yadda ba ya nunawa. Tun daga nan yake kirana maciyin ruwa. Shi coci yake zuwa, gidansu tun kakansa suka koma can, don haka ko sahun salla babu da zai haɗa kafaɗunmu a tilasta mana shiri.

In je in roƙe shi? Na gwammace in roƙi asibiti. Na ce wa nas ɗin ta mayar da ni Litinin ko Laraba.

Ta ce, "Baba, injinan a cike suke. Sai in wani ya bar gurbi."

"Yaushe wani zai bari?"

Ta dube ni, ta ci gaba da manna filasta. Direban ne ya amsa daga gadonsa. "Manomi, nan ba a barin gurbi da ƙafa. Ka yi haƙuri, ni dai ban shirya ba tukuna."

Na ɗauki ɗan ƙwadago ya riƙa yi min Talata. Na farko ya jera sayfon ya tafi shan inuwa, rabin gona ta zama tafki, rabi ko ɗigo. Na biyu ya yi mako uku lafiya, sai injin casar shinkafa a Kura ya ɗauke shi aiki, bai ko aiko ba. Talatar nan gonata ba ta sha ba. Lokacin zafi ya riga ya shigo, tumatir ya fara nuna a ƙasa, sama kuma fure ne fal. Ranar Asabar na je na tarar ganye ya lanƙwashe, fure yana zuba in ka taɓa. Duk manomi ya san in ya sake rasa ruwa mako guda, an gama.

A Asabar ɗin nan na fara ɓarnar. Rana ta take, na riga na kai zaren la'asar tun kafin azahar, harshena kamar tsumma. Na ga wani ja ya nuna sosai a ƙarƙashin ganye. Haka muke yi tun muna yara, ƙishirwa ta kama ka a lambu, ka tsinka, ka goge a riga, ka gatsa. Na gatsa. Ruwansa ya cika min baki, mai ɗan tsami, da sanyin inuwar ganye. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Na ce wa kaina wannan ai ba ruwa ba ne, ci nake ba sha ba, gora kuma tana nan yadda take. Na ci biyar. Lahadi na koma, Litinin na koma. Da yamma in miƙa wa matata gora da saura a ciki, tana ta sa min albarka.

Ranar Talata na sa kayan asibiti na fito. Matata ta raka ni zaure da 'yar ledar magani. Da na hau acaba na ce masa ba titi ba, lambu.

Na jera sayfon goma sha biyu da hannu ɗaya da gwiwa. Ba sauƙi, amma na yi. Da na ga ruwa ya kama kunyar farko yana tafiya a hankali, ƙasa tana shanyewa tana ƙara, na ji daɗin da ban ji ba tun damina. Na ce Juma'a ai ba nisa, su wanke duka a haɗe. Ina bin ruwa ina tsinka ina ci. Ban ƙirga ba.

Wajen azahar na ji leɓena ya yi nauyi, kamar ba nawa ba. Yatsuna suka fara yi kamar ana tsira musu allura. Na sunkuya zan matsar da sayfon, ƙafafuna suka ƙi miƙewa. Ba jiri ba ne, na san jiri. Ƙafafun ne kawai suka zama kamar buhun da aka zazzage. Na zube a tsakanin kunya biyu, ruwa yana bi ta ƙarƙashin bayana. Zuciyata ta buga, ta tsaya kamar tana tunani, ta sake bugawa. Na yi niyyar kira, muryar ba ta wuce ganyen da ke kaina ba. Na yi shahada. Abin kunya, bayan shahadar abin da ya zo min a rai shi ne ba wanda zai cire sayfon, gonar za ta jiƙe ta ruɓe.

Ruwan nan da ba a cire ba shi ya cece ni. Ya cika kunyoyina, ya karya iyaka, ya gangara cikin albasar maƙwabcina, shi kuma yana can yana cire ciyawa. Na jiyo shi tun daga nesa yana tahowa.

"Kai maciyin ruwa! A da ka hana ni ruwa, yau kuma ambaliya za ka yi min? Ina kake? Fito nan!"

Ya ratso ganye ya kusa taka ni. Ya tsaya. Ya ce, "Kai. Kai! Me kake yi a ƙasa? Yau ba ranar asibitinka ba ce?"

Ashe ya san ranakuna. Ban taɓa gaya masa ba.

Ya bar ni ya ruga bakin hanya, inda masu adaidaita ke lodin kwanduna. Suka sauke kwandunan wani, suka zo suka ɗauke ni su biyu. Maƙwabcina ya cafki hannuna na hagu, na tattara abin da ya rage min na ce, "Ba wannan ba. Kar ka matse."

Ya ce, "Ji mutum, yana mutuwa yana ba da oda." Amma ya saki, ya tallabe ni ta ƙugu.

"Sayfon," na ce.

"Rufe min baki da zancen sayfon."

Daga lambu zuwa birni kaina yana kan cinyarsa, rigata sharkaf da laka. Abin da na riƙe a tafiyar kaɗan ne. Warin albasa a jikin wandonsa, da yadda yake dukan ƙarfen adaidaita yana cewa direba ya taka, da yadda duk bayan ɗan lokaci yake marina a kumatu yana cewa, "Kar ka mutu a hannuna, danginka su ce ni ne."

A asibiti suka manna min wayoyi a ƙirji, likita ya kalli takardar da ta fito, ya daina magana a hankali. Suka yi min allurai, suka tayar da wani daga layi suka ɗora ni a inji. Likitan ya tambaya me na ci. Na ce tuwo. Maƙwabcina daga bakin ƙofa ya ce, "Ƙarya yake, likita. Tumatir ne. Na ga gindinsu a zube a kunya, tun Asabar nake ganinsa yana ci kamar akuya."

Likitan ya ce akwai wani irin gishiri a cikin tumatir, ba wanda harshe ke ji ba. Mai lafiya yana fitar da shi a fitsari. Ni ba ni da hanyar fitar da shi sai inji, in ya taru kuma zuciya yake tsayarwa. Ya ce da an ƙara awa ɗaya a hanya, da ba wannan maganar ake ba.

Nas ɗin ba ta yi min faɗa a ranar ba. Sai washegari, da ta ga na iya zama.

"Baba, ban ce maka tumatir ba?"

"Kin ce. Na ɗauka na miya."

"Na gona fa, daga sama ya faɗo?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Mutumin da aka tayar saboda kai, daga Madobi ya zo, ya kwana a baranda sai yau aka yi masa. Ka je ka ba shi haƙuri in ka miƙe."

Wannan ta fi min allura ciwo. Na je na ba shi. Ya ɗaga min hannu kawai.

Matata ta zo da ƙanenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Kullum ka kawo min gora da saura, ina ta gode wa Allah. Ashe wasa kake da ni." Ta ajiye kwanon abinci ta fita waje. Har aka sallame ni ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Ranar Juma'a aka sake wanke ni. Gadon direba wani ne a kai, wani saurayi mai rufe fuska da hula. Na tambaya. Aka ce ranar Laraba aka kai shi makwancinsa, a gida abin ya same shi. Ina ta jiran ya ce min manomi ka faɗa kanal, ashe ba zan ji ba. Na kwanta awa huɗun nan ina kallon silin. Ranakunsa irin nawa ne, Talata da Juma'a, gurbin da ya bari ma bai amfane ni da komai ba. Na ji kunyar kaina da wannan tunanin ya zo min, amma ya zo.

Da yamma aka sallame ni na dawo gida.

Washegari Asabar na tashi da sauƙin nan na bayan wanki, sai dai ƙafafu ba ƙwari. Matata ta miƙo min gora da zarenta. Ta riƙe ta ba ta saki ba sai da na dube ta.

"Lambu za ka?"

"Lambu. Ba zan ci ba."

Ta saki.

Na tarar da sayfon ɗina goma sha biyu an ɗaure su da igiya an jingine a gindin darbejiya. An gyara iyakar da ruwa ya karya. Kunyoyin da ban kai ba ranar Talata su ma an ba su ruwa, ƙasarsu da danshi, ganye ya miƙe. Kunya huɗu na ƙarshe, inda ruwa ya kwanta, sun yi rawaya, waɗannan sun tafi. Maƙwabcina yana cikin albasarsa, ya ba ni baya. Na taka har iyaka na yi masa ina kwana.

Ya ce, "Au, ba ka mutu ba?"

"Ban mutu ba. Na gode."

"Albasata kunya uku ta ruɓe."

"Na gani."

Na tsaya. Na kasa fara maganar da ta kawo ni. Shi kuma ya ƙi taimaka min, yana ta cirar ciyawa.

Na ce, "Na zo roƙo ne. Ka karɓi Talata, ka ba ni Laraba."

Ya miƙe ya karkaɗe hannu. Ya tsallako cikin gonata, ya zaɓi tumatir mafi ja, ya goge a riga, ya gatsa a gabana, ruwan yana bin haɓarsa. Sai da ya cinye tas.

"Tun dasawa nake jira ka buɗe baki," in ji shi. "Ka gwammace ka mutu a kunya. To na karɓa. Amma Larabar taka ta ƙare da magariba, ba hantsin Alhamis ba, na ƙasa da mu ma mutane ne."

"Da magariba."

"Sai kuma abin da ka binne."

Na ce, "Ka san da shi?"

"Kowace shekara in an yashe kanal ina ganin ka sake sabo. Na gaji da ɗaga shebur ne kawai."

Na ajiye gorata a kan gaɓa, na naɗe wando, na shiga kanal daidai ƙarshen gonata. Ruwan ya kai min gwiwa, da sanyi, yana wucewa zuwa gonakin masu Asabar. Na laluba da ƙafa na taka buhun. Na sa hannun hagu a bayana, na kama kunnensa da na dama na ja. Bai motsa ba. Na sake ja, ya yage, don ya riga ya ruɓe, ƙasar ciki ta watse ruwa ya yi ja. Na tsaya ina haki, ina tura sauran da ƙafa har na ji gindin kanal ya yi daidai. Maƙwabcina yana tsaye a sama bai sa hannu ba. Da na gama ya miƙo min ƙotar fartanyarsa na kama na fito.

Na zauna a gaɓa, na kurkure baki na tofar. Sannan na buɗe gora na sha zuwa zaren farko, na rufe.